Majuyin gem na gida: Abin da na koya bayan na yi asarar kuɗina

Ɗana ne ya jefa ni cikin wannan harka. Shekararsa 11, kuma tun bara na lura da an tashi daga makaranta sai ya zarce shagon gem da ke bakin titin unguwarmu a nan Zangon Kumasi. Sau biyu malaminsu na Islamiyya yana aiko mini cewa bai gan shi ba. Na yi faɗa, na hana shi kuɗin kashewa, duk a banza. Ran nan mahaifiyata ta ce mini, "Kai mai koyar da 'ya'yan mutane, naka ya gagare ka? In gem ɗin yake so, kawo masa gida, idonka na kansa."

Haka na sa kafinta ya haɗa mini akwati mai tsayin mutum. Na saka tsohon allon kwamfuta, da 'yar na'urar Raspberry Pi, da manhajar MAME mai tayar da tsofaffin wasanni. Sanda da maɓallai ba su ba ni wahala ba. Inda na cije shi ne wasan Arkanoid, wanda kamfanin Taito na Japan ya fitar a 1986, da Tempest na Atari na 1981. Waɗannan da majuyi ake buga su, wani ɗan murfi da ake murzawa da yatsu, masu harkar na ce masa sifina. Ka gwada da sanda, kafin ka motsa ƙwallo ta wuce.

Na yi gaggawa na yi odar wani mai araha ta intanet. Da ya iso sai na ga irin makunnin ƙarar rediyo ne, ka murza dama ya tsaya, ka murza hagu ya tsaya. Irin wannan na wasan Pong ne na 1972. Kuɗi sun tafi, mai sayarwa ya daina amsa saƙo. Daga nan na zauna na yi nazari, kuma ga abubuwa huɗu da zan ce mai saye ya duba.

Na farko, ya zama yana juyawa ba iyaka. A cikinsa akwai faifai mai tsage-tsage da ke wucewa gaban ɗan haske, na'ura kuma tana ƙirga tsagun da suka wuce.

Na biyu, yawan ƙirga a zagaye ɗaya. Majuyin Tempest na asali 72 yake ƙirgawa, na Arkanoid kuwa 486. Saboda haka a nemi mai yawa. SpinTrak da TurboTwist 2 duk suna kaiwa 1,200. Mai yawa ana iya rage masa kaifi a cikin MAME, amma mai kaɗan in ka ƙara masa, sai abin da kake tuƙawa ya riƙa tsalle-tsalle.

Na uku, nauyi. Wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi ya san dunƙulen da ke gindin mazari shi ke sa ya daɗe yana juyawa. Tempest yana son nauyi irin wannan, Arkanoid kuwa ya fi son wanda zai tsaya cak inda yatsa ya tsaya. Gara a sayi wanda ake iya cire masa nauyin.

Na huɗu, rami da waya. Waɗannan biyun suna shiga ramin maɓalli na milimita 28, amma a auna kaurin katako tukuna. A kuma zaɓi mai USB, domin kwamfuta za ta ɗauke shi tamkar maus.

Na biyun da na saya sai da na tara kuɗinsa wata biyu. Doka a gidan ɗaya ce: sai an dawo Islamiyya an gama aikin gida, kuma da an kira Magariba a kashe. Ba zan ce yaron ya manta hanyar shagon ba, ranar Asabar ɗin da ta wuce ma an gan shi a can. Amma yanzu abokansa uku a tsakar gidanmu suke yini, na san sunayensu, na san iyayensu. Allah ya shirya mana su.