Tanderun fiza da ɗakin ƙasa a bazara

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ƙasa cikin watan Afrilu ya san halin bango. Yini guda yana shan rana. Sai dare ya raba, iska ta fara kaɗawa a tsakar gida, sannan ya shiga amayar da zafin da ya haɗiye, har mutum ya naɗe tabarma ya fita waje. To, wannan zafin da ke korar mu daga ɗaki shi mai gina tanderun fiza ke nema ruwa a jallo.

A birnin Napoli na Italiya, mahaifar fiza, ana gasa ta cikin daƙiƙa 60 zuwa 90, a zafin da ya haura digiri 430 a ma'aunin Salshiyas. Harshen wuta kaɗai ba zai iya wannan aiki ba. Bulon daɓe ne ke gasa ƙasan fiza, tulluwar da ke sama kuma ta sako zafi a kan tumatir da cuku. Ƙirar ta daɗe: a Pompeii, garin da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya, har yau ana ganin tanderun masu burodi da irin wannan rufi.

Abin da ke damuna da masu gina tanderun fiza a gida shi ne yadda suke ƙarar da kuɗi da ƙarfi wajen ƙawata tulluwa, su bar ƙarƙashin daɓe haka nan. Idan aka shimfiɗa bulo kai tsaye a kan kankare, kankaren zai yi ta zuƙe zafi yana zubarwa ƙasa. Fiza ta farko ta fito lafiya, ta uku kuwa samanta ya ƙone, ƙasanta fari fat, ɗanye. Sai an raba daɓe da kankare da abin da ba ya barin zafi ya ratsa. Masu hali suna sayen allon da aka yi don haka, masu ƙaramin ƙarfi kuma su jera kwalabe marasa komai, su cike tsakaninsu da yumɓu haɗe da garin katako. Bayan tulluwa ma a lulluɓe shi da kauri.

Ƙofa tana da nata lissafi. Magina sun fi yarda tsayinta ya kai wajen kashi 63 cikin ɗari na tsayin tulluwa daga ciki. Ta fi haka, zafi ya gudu. Ta gaza, wuta ta rasa iska. Bututun hayaƙi a bakin ƙofa yake zama, ba a tsakiyar rufi ba. Simintin gini kuwa tsagewa yake yi a wuta, don haka da yumɓu mai jure zafi ake ɗinke bulo.

Sai kuma haƙuri. Maginin ƙasa ba ya ɗora sabon sahun tubali sai na ƙasa ya sha iska. Sabon tanderu ma cike yake da ruwa, kuma in aka zuga masa wuta ranar farko ruwan zai zama tururi ya fasa ginin. Da ƴan ƙirare ake farawa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har kusan mako.

Ranar gashi, a dubi rufin. Da fari zai yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Can sai wani farin tabo ya ɓullo a ƙololuwa, ya yi ta faɗaɗa yana gangarowa har baƙin ya gushe. A lokacin ne ake ture garwashi gefe guda, a share toka, a barbaɗa ɗan gari a daɓe. In ya yi baƙi nan take, a dakata kaɗan. Itace kuwa busasshe mai nauyi ake so, domin ɗanye hayaƙi kawai zai tara a ciki.