Mene ne ɗaukaka ƙara?

Kusan duk ranar da kotu ta yanke hukunci, za ka ji lauya ya ce za su ɗaukaka ƙara. Ma'anarsa ita ce wanda hukuncin bai gamsar ba ya roƙi kotu ta gaba ta duba ko alƙali ya yi kuskure wajen fassara doka ko auna shaida.

A Najeriya ƙara tana tasowa daga kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci zuwa babbar kotun jiha ko kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, daga nan Kotun Ƙoli, wadda hukuncinta shi ne na ƙarshe. Alƙalai aƙalla 3 ke zama a Kotun Ɗaukaka Ƙara, 5 ko 7 a Kotun Ƙoli. Galibi ba a sake kiran shaidu, rubutaccen bayanin shari'ar farko da hujjojin lauyoyi ake bi.

Akwai wa'adi. Daga babbar kotu, wata 3 ne a rigimar dukiya ko haƙƙi, kwana 90 a shari'ar laifi. Shigar da ƙarar kaɗai ba ya dakatar da aiwatar da hukunci, sai kotu ta ba da umarni, amma ba a zartar da kisa kafin a kammala.

Abin ya shafi kowa, daga mai rigimar gona zuwa gwamna. A 2023 kotuna biyu suka soke zaɓen Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano, amma Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa a Janairun 2024. Wanda aka yanke wa hukunci ya nemi lauya da wuri, kafin wa'adi ya wuce.