Sawakin: Garin Da Muka Manta Da Shi A Bakin Bahar Maliya

Tun da wani jirgin ruwa ya nutse da tumaki fiye da 15,000 a tashar Sawakin ta ƙasar Sudan a watan Yunin 2022, duk wanda ya ambaci garin a wajenmu sai a yi dariya, a ce ai garin ragunan da suka sha ruwa ne. Abin na ci mini rai.

Garin na da nisan kusan kilomita 60 kudu da Port Sudan. Ba shi da hayaniya. Da rana zafi kan kora kowa inuwa, sai bayan la'asar gari ke farkawa. Jama'a su fito bakin ruwa suna tafiya sannu, masu shayi su jera kujeru, a kawo gahawar jabana mai citta a 'yar tukunyar ƙasa, masunta su sauke kifin da za a soya nan take. Wata 'yar hanya ce ta haɗa gari da tsibirin da tsohon birnin yake. Can za ka tarar da gidajen da aka gina da dutsen murjani, yawancinsu sun zube, sai masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, waɗanda Turkiyya ta gyara. Tun da Turawan Ingila suka buɗe tashar Port Sudan a 1909 ciniki ya ƙaura can, aka bar wa iskar gishiri gine-ginen.

To, ina ruwan Bahaushe? Nan ne ƙofar Makka ga kakanninmu. Mutum ya bar Kano ko Sakkwato a ƙafa ko a kan jaki, ya ratsa Barno da Wadai, ya shiga Darfur, ya tsaya noman auduga a Jazira shekara biyu ko biyar don tara guzuri, sa'annan ya iso Sawakin. A nan ake tsare alhazai a duba lafiyarsu kafin su hau jirgi zuwa Jidda. Wasu sun haye, wasu kuɗinsu ya ƙare suka zauna, wasu an binne su a hanya. Bayan yaƙin Burmi a 1903, ɗimbin mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru sun nufi gabas da niyyar hijira, jikokinsu na nan a garin Mai Wurno, a gefen Kogin Nilu.

Yau alhaji ya tashi daga Kano da safe, ya yi sallar magariba a Jidda, bai taɓa jin sunan Sawakin ba. Hukumomin alhazanmu na kashe makonni suna bita kan jaka da kuɗin guzuri. Me zai hana a ware ko da awa guda a ba da labarin wannan hanya? Jami'o'inmu kuma, idan yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya lafa, su tura ɗalibai su naɗi maganar tsofaffin da har yanzu ke gaisawa da Hausa a can, tun suna da rai.