Tsohuwar ordinatar ba ta mutu ba: manhajojin da kowa ke da ikon ɗauka kyauta

Jama'ar Arewa, na gida da na bida, wanga bayani ya shafi kowane gida da ke da kwamfuta, wadda mu nan muka fi kira ordinatar. A Dogon Dutsi, Matankari, Tibiri ko Kore Mai Ruwa, ba wuya ka iske wata tsohuwar na'ura da wani ɗan uwa ya aiko daga Legas, Abijan, Kotonu ko Faransa, don ɗalibi ya yi karatu ko ƙane ya buɗe ƴar sekretariya ta buga takardu. Wata shida, shekara guda, sai ka ji an ce ta yi nauyi, ko ta kamu da cuta, ko tana ta fito da saƙo cewa lasisi bai inganta ba. Daga nan sai a rufe ta da zane a aje bisa kwaba.

Sau da yawa jikin na'urar lafiya lau yake. Matsalar tana ga manhajojin da aka zuba mata, waɗanda masu gyara ke ce ma lojisiyel. Kuma akwai mafita wadda ba ta cin ko dala.

Abin da ya sa maganar ta taso yanzu

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko ma Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba aikowa ga kowa. Ya bar wani shiri na ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista, amma na gidaje iyakarsa shekara guda ne. Windows 7 kuwa tun Janairu 2020 aka yi ban kwana da ita. Na'urar ba ta daina tashi ba, sai dai duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano daga baya, ba mai toshe ta.

To me zai hana a koma Windows 11? Ita tana da sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan ƙarfen tsaro mai suna TPM 2.0 da inji na baya-bayan nan. Yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2017 ba su cika su ba, kuma irin su ne suka fi yawa cikin kayan gwanjo da ke isowa ƙasashenmu.

Sai kuma zancen manhajar sata. Windows da Word na sayarwa ne. Wanda bai saya ba, galibi ɓalle masa makulli ake yi a saka. Ƴar manhajar da ke ɓalle makullin kuwa sau da yawa ita ce ƙofar da cuta ke shigowa. Kun san cutar nan ta kile, wadda ke ɓoye takardun mutum ta bar masa hotunan ƙarya masu ɗan kibiya? Ka kai kile sekretariya a buga maka dosiyen konkur, ka dawo da ita gida, shi ke nan ta shiga na'urarka.

Mece ce manhaja mai ƴanci?

Manomi ya fi kowa gane wannan. Akwai irin geron da ka zaɓa da hannunka ka aje a rumbu: ka shuka lokacin da ka so, ka ba maƙwabci tiya guda, ka ci gaba da zaɓen zangarniya mai kyau har irin ya gyaru. Akwai kuma irin da dole ka koma ka saya duk shekara. Manhaja mai ƴanci ta yi kama da na farko.

Wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ne ya soma wanga tafiya a 1983 da shirin da ya kira GNU. Ya ce manhaja ba ta zama mai ƴanci sai ta ba mutum abu huɗu: ya yi aiki da ita yadda ya so, ya duba yadda aka ƙera ta har ya sauya, ya kwafa ya ba wani, kuma ya rarraba gyaran da ya yi. A 1991 wani ɗalibi a Finlan, Linus Torvalds, ya fito da Linux. Shi ya sa ake kuma ce musu masu buɗaɗɗen tushe, don rubutun da aka gina su da shi a fili yake ga duk mai son dubawa.

A lura, ba duk abin da ake ɗauka kyauta ba ne mai ƴanci. WhatsApp da Facebook ba a biyan kuɗinsu, amma tushensu a rufe yake, mai su ne kaɗai ya san abin da ke ciki.

Kar kuma a ɗauka kayan talakawa ne marasa ƙarko. Salular Android da ke aljihunka bisa Linux aka gina ta. Jandarmomin Faransa sun bar Microsoft Office tun 2005, daga 2008 kuma suka shiga maida dubban na'urorinsu kan Ubuntu, wani nau'in Linux. A nan Nijar ma, DHIS2 da ma'aikatar kiwon lafiya ke tattara alƙaluman asibitoci da ita manhaja ce mai ƴanci, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ke jagoranta.

Don rubutu da lissafi: LibreOffice

Ita ce ta farko da ya kamata a saka. Wata gidauniya mai suna The Document Foundation, wadda aka kafa a 2010, ke kula da ita. Cikinta akwai Writer na rubutun wasiƙa da takardar neman aiki, akwai Calc na lissafi, akwai Impress na gabatar da darasi. Tana buɗe takardun Word da na Excel, tana kuma aje sababbi a sigarsu. Tana magana da Faransanci, har da gyaran kuren rubutu.

Sakataren ƙungiyar mata masu adashi na iya rubuta zubin kowa cikin Calc, jimla ta fito da kanta. Mai kula da bankin hatsi ya san buhu nawa ya shiga, nawa ya fita. Mushe ya lissafa makin ɗalibai ba tare da kuskure ba.

Gaskiya guda: in takardar Word ce mai ado da yawa, wani lokaci layuka kan ɗan goce. Maganinsa, duk takardar da za a kai bugawa ko a aika wani ofis, a maida ta PDF. Maɓalli guda ne a saman shafi, kuma yadda ka gan ta haka za ta fita a ko'ina.

Masu rubuta Hausa, ga wata dabara. Cikin Writer, rubuta U+0199 ka danna Alt da X tare, sai ƙ ta fito. U+0257 na ba da ɗ, U+0253 na ba da ɓ, U+01B4 na ba da ƴ. Mai rubutu da yawa kuwa sai ya nemi Keyman, ita ma mai ƴanci ce, tana da allunan rubutu na harsunan Afirka masu ɗauke da haruffan nan masu lanƙwasa.

Don kallo da saurare: VLC

Da yawanmu mun san alamar nan mai kama da hular lemu da fari da ake ajewa bakin hanya lokacin aiki. Ɗaliban wata babbar makarantar injiniyoyi ta Paris ne suka fara ta, aka sake ta ga duniya a 2001. Kusan ba bidiyo ko sautin da ba ta buɗewa, ko daga kat memwar ko daga kile. Ba talla cikinta, kuma akwai ta salula. Tana ma iya cire sauti daga bidiyo, abin ya yi sauƙin aikawa.

Don yawo a intanet: Firefox

Gidauniyar Mozilla ta fito da ita a 2004. Abin da ya sa ta dace da mu shi ne ana ƙara mata uBlock Origin, wata ƴar manhaja mai tare talla. Kowace talla da ta buɗe, da megarka ta buɗe. In an tare su, shafi na saurin fitowa, forfe kuma ya ƙara daɗewa. Firefox ta Android ma na karɓar ta.

Don ɗaukar murya: Audacity

Ta fito a shekara ta 2000 daga wata jami'a ta Amurka. Da ita ake ɗaukar murya, a yanke inda aka yi kure, a rage ƙugin iska ko na janareta, a aje a MP3. Amfaninta bai tsaya ga ƴan jarida ba. Tarihin Arewa a bakin tsofaffi yake: yadda aka kafa garuruwan Dallol Mawri, sunayen kakanni, labarin Sarauniya ta Lugu da ta tari sojojin Voulet da Chanoine a 1899. Jika na iya ɗaukar muryar kakarsa da salula, ya gyara da Audacity, ya aika ma dangi na Kumasi da na Tamanraset. Tsoho in ya tafi ba a ɗauka ba, ya tafi da abinsa.

Don karatu ba tare da intanet ba: Kiwix

Wannan ita ce ta ƙauyen da rezo ba ya kai wa sosai. An fara ta a 2007, kuma ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro ta a Mali yake aiki lokacin. Aikinta shi ne ta dunƙule Wikipedia gaba ɗaya cikin fayil guda. A sauke shi sau ɗaya inda intanet ke da ƙarfi, a zuba a kile, sai a yi ta karatu ba tare da ko mega ɗaya ba. Akwai ta Faransanci, akwai ta Hausa mai dubban maƙaloli, akwai Vikidia da aka rubuta don yara. Ta Faransanci mai hotuna tana da nauyi ƙwarai, amma akwai marar hoto wadda ta fi sauƙi. Kwamfuta guda a lakwal ta Dankasari ko ta Gesheme, da pano ɗaya na hasken rana, ta zama ɗakin karatu.

In na'urar ta tsufa ƙwarai: Linux

Duk waɗanda muka lissafa suna aiki bisa Windows. Amma in Windows ɗin ce kanta ta zama kaya, ana iya cire ta a saka Linux. Linux Mint ta yi kama da abin da ido ya saba gani, kuma tana tashi da giga 2 na ƙwaƙwalwar aiki, ko da yake giga 4 ya fi daɗi. Lubuntu ta fi ta rashin nauyi. Akwai kuma Emmabuntüs, wadda wasu masu aikin sa kai a Faransa suka shirya tun 2011 musamman don farfaɗo da tsofaffin na'urori, an kuma kai ta makarantu a Togo.

Ba sai ka goge komi ba kafin ka gwada. Ana zuba Linux a kile, a tada na'ura da ita, ka duba ko sauti da wifi da emprimant suna aiki. In ba ta yi maka ba, ka zare kile, komi na nan yadda yake. Cutar kile da muka ambata don Windows aka yi ta, ba ta tashi bisa Linux, har ma takardun da ta ɓoye sukan bayyana a can a kwashe su.

Sai dai a yi hattara da abu uku. Na ɗaya, kafin a saka Linux ta zauna, a kwashe hotuna da takardu a aje wani wuri, don sakawar na iya share komi. Na biyu, wasu emprimant da wasu manhajojin ofis Windows kaɗai suka sani, mai sekretariya ya gwada tukuna. Na uku, makon farko hannu zai yi ta laluben inda maɓalli yake. Wannan sabo ne, yana wucewa.

Saƙo ga ƴan uwa na waje

Ku da ke inda intanet ke da arha, aikin ya fi sauƙi a hannunku. LibreOffice kaɗai ta haura mega 300, ga wanda ke ƙauye kuwa wannan forfe ne mai yawa. Kafin ku ba direba na'ura ya kawo gida, ku zuba mata waɗannan manhajoji, ku sa su cikin Faransanci, ku goge bayananku na banki da hotunanku. Ku haɗa da kile guda mai ɗauke da kwafinsu. Ku sauke kowace daga shafinta na asali, don akwai masu lulluɓe cuta da sunan VLC ko Firefox. Ku kuma duba batir da caja, tunda kuran na ɗaukewa.

Ku kuma na gida, in kun kai na'ura wurin mai gyara, ku tambaye shi: abin da za ka saka mini na sata ne ko mai ƴanci? Kuɗin aikin hannunsa haƙƙinsa ne, a biya shi. Amma manhajar kanta ba ta sayarwa ba ce dole, kuma wanda ya samu kile ɗin nan yana da cikakken izini ya kwafa ma maƙwabci, ma mushen lakwal, ma sakataren ƙungiya. Doka ba ta hana ba, masu ita ma abin da suke so ke nan.

Saboda haka kafin a ce na'ura ta mutu, a sauko da ita daga bisa kwaba, a kakkaɓe ƙura, a nemo wani yaro mai ɗan sani a gwada ta da kile. Wata ƙila da sauran shekarun aiki a jikinta.