Bikin Aniwa: Yaran Zango Ma Su Riƙe Kyamara

Makarantar koyon aikin fim ta NAFTI da ke Akra, wadda aka kafa a 1978, ta riƙa shirya bikin Aniwa a shekarun 1990, inda ɗalibai daga ƙasashen Afirka suka nuna gajerun fina-finansu. Aniwa, a harshen Tuwi, ido ke nan. Yanzu makarantar tana ƙarƙashin jami'ar UniMAC.

To jama'a, idon wa ke kallon Nima da Sabon Zango? Muddin muna ce wa yaranmu fim shiririta ce, wasu ne za su ba da labarinmu yadda suka ga dama. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mu malamai da iyaye, mu tura su su koyo.