Me Ya Sa Duna Ke Gudun Likita?

Duna karen farauta ne, irin dogayen nan masu shafaffen ciki. Ƙaya za ta soke shi a tafin ƙafa, ubangidansa ya zare ta da hannu, ko gurnani ba zai yi ba. Amma ranar rigakafin ciwon haukan kare, sai an tara ƙarti uku kafin a danne shi, kuma kowace shekara abin gaba yake yi. Allurar kuwa ba ta baruwa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu ta hanyar cizon kare, kuma da zarar alamunta sun bayyana sai dai haƙuri.

Mai karen ya riga ya yanke hukunci. "Likita, tsinin allurar nan yake tsoro."

"Baba, ban yarda ba," in ji likitan dabbobin. "Bara ina kallonsa. Jikinsa ya fara ɓari tun sirinji na cikin jaka."

Gaskiyarsa. Rigakafin nan a ƙarƙashin fatar ƙeya ake yawan yin sa, inda fata ke da saki, kuma zafinsa bai kai na ƙaya ba. Sai zargi ya koma kan farar riga da asibitin kansa, mai warin magani da haushin wasu karnuka. Likita ya zo gida cikin kaftani. Duna ya shinshine shi, har da kaɗa wutsiya. Ana zuge jaka, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya lashe baki, ya shige ƙarƙashin rumbu.

Ashe amsar na cikin jakar. To, wace ce a ciki?

Uwargida ce ta warware, ba da niyya ba. Jikanta ya yanke da reza, ta jiƙa auduga da sifirit za ta goge masa, sai ga Duna, da ke kwance a inuwa, ya zabura ya bar gidan. Babu likita, babu allura. Da labari ya kai ga likitan, tambaya ɗaya ya yi: an taɓa wanke masa ciwo da sifirit? Tsohon ya yi shiru, can ya tuna. Yana ɗan kwikwiyo waya ta yage masa cinya, aka shaƙe shi a wuya, aka kwarara masa a kan ɗanyen nama.

Masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya sami kyautar Nobel a 1904, ya lura karnukansa na zubar da miyau tun kafin abinci ya iso, da ganin mai kawo shi. Tsoro ma haka yake kama hanya: wari, sai riƙon wuya, sai azaba. Duk dannewar da ƙartin nan suka yi masa, karatun suke ƙara biya masa. A ganina su ne rabin ciwon.

Gyaran ba wuya, sai cin rai. Aka dafa hanta ba gishiri, aka yayyanka ƙanana. (Ban da kilishi da tsire, don albasa da tafarnuwar da ke cikinsu na cutar da kare.) A ajiye auduga mai sifirit can nesa, ya ji wari, sannan a miƙa hanta. Warin ne a gaba, nama a baya. In aka juya, an yi asarar hanta. Kullum minti biyu ko uku, ana matso da audugar kaɗan-kaɗan. Ranar da ya ƙi karɓar naman an yi gaggawa ke nan, sai a koma inda aka tsaya jiya.

Wuyan ya fi ɗaukar lokaci. A shafa, a ba shi. A ɗaga fatar da yatsu biyu, a saki, a ba shi. Daga baya a dangwala masa sirinji da murfinsa, sannan bakin biro.

Da lokacin rigakafi ya zagayo, tsohon ya tsuguna da hanta a tafin hannu, likita ya ɗaga fata ya soka. Duna ya waiga sau ɗaya, ya ci gaba da ci. Ƙorafin da ya rage na uwargida ne: yanzu ba ta isa ta buɗe kwalbar sifirit ba sai ya zo ya zauna a gabanta yana jiran rabonsa.