Kar Tausayi Ya Sa Ka Cire Wa Kyanwarka Mazurarin Nan

Idan kana yawan leƙa TikTok, na tabbata ka taɓa cin karo da bidiyon kyanwa ko kare da aka ɗaura wa wata roba mai kama da mazurari a wuya, yana tafiya yana karo da ƙofa, mutane suna ta sheƙa dariya. Ni ma na sha yin dariyar. Ban daina ba sai a hutun zangon da ya wuce, da aka cire wa kyanwata Zinariya mahaifa, na dawo da ita gida da irin wannan robar.

Likitocin dabbobi suna kiranta kwalar Elizabet, saboda ta yi kama da faffaɗar kwalar da ake yayi a Ingila zamanin Sarauniya Elizabet ta ɗaya. Aikinta ɗaya ne: ta hana dabba kai baki wurin ɗinki. Idan kyanwa ta taɓa lasar hannunka, ka san harshenta kaushi gare shi. To ka ƙiyasta wannan harshen a kan zaren ɗinki, ga kuma ƙwayoyin cutar da ke bakinta. Maganar da muke ji tun muna yara cewa dabba da yawunta take warkar da ciwonta ba ta aiki a kan tiyata.

Daren farko wallahi abin tausayi ne. Zinariya ta riƙa tafiya da baya-baya, ta ƙi cin abinci, ta lafe a ƙarƙashin gado. Dalili kuwa, da gashin bakinta kyanwa take auna faɗin hanya, robar kuma ta rufe shi, ta tare mata ganin gefe. A rana ta uku na fita karɓo saƙo, Umma ta kasa jurewa ta kwance mata. "Haba, ki bar baiwar Allah ta sha iska, wannan ai azaba ce," in ji ta da na dawo. Ko awa ɗaya ban yi ba, amma har ta tsinke zare biyu, wurin ya buɗe yana tsattsafo da jini. Muka sake ɗaukar Keke Napep zuwa asibiti, aka sake ɗinki, kuɗin data na wata guda ya tafi. Ban ga laifin Umma ba, don ni kaina na kusa cirewa a daren farko.

Saboda haka idan an ce maka kwana 10 zuwa 14, to har da dare ake nufi, har da lokacin barci. Galibi a ƙarshen makon farko ciwo yake fara ƙaiƙayi, daidai lokacin da kake ganin ai ta warke. Ka duba ɗaurin kullum: yatsunka biyu su iya shiga tsakanin kwalar da wuyanta, bakin robar kuma ya ɗan wuce tsinin hancinta. In ta yi gajarta, ado kawai ka saka mata.

Cin abinci ne ya fi ba mu wahala. Kwano mai zurfi ba ya yi, robar sai ta riƙa ture shi. Ƙaramin faranti na samo na ɗora a kan wani tsohon littafina na aji ɗaya, shi ke nan ta fara ci. Ruwan sha ma haka. Na mayar da ita ɗaki ɗaya na rufe taga, don tsalle kan katanga ko durowa kaɗai ya isa ya ɓalle ɗinki, kuma a waje kwalar tana iya maƙalewa a wani abu ta shaƙe ta. Tunda ba ta iya lasar jikinta, kullum da yamma sai in taje ta, in sosa mata bayan kunne, in goge cikin robar da tsumma mai ɗanshi. Wanka dai babu sai an cire zare.

Ga wanda ya fi komai haɗari, don Allah ka riƙe shi: kar ka ba kyanwa Panadol. Hantarta ba ta iya sarrafa farasitamol kamar tamu, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ibuprofen ma guba ne gare ta, haka ga kare. Kar ka shafa Dettol, ko toka, ko man zafi a kan ɗinkin. Abin da likita ya rubuta kawai.

Ni dabarar da na yi, kullum da safe ina ɗaukar hoton wurin da wayata, in kwatanta da na jiya. Ɗan ja da ɗan kumburi a kwanakin farko ba komai ba ne. Amma in ka ga mugunya, ko wari, ko wurin ya buɗe, ko ƙudaje suna binsa, ko ta yi kwana guda cur ba ta ci komai ba, tura wa likita hoton ta WhatsApp ka kama hanya, kar ka tsaya tambayar 'yan guruf.

Kwana 14 bayan ɗinki na biyu aka cire wa Zinariya zare. Da aka kwance kwalar, ta fi rabin awa a tsakar gida tana lasar jikinta, Umma na zaune a gefe tana ce mata sannu.